Basilla, Mai Gyaran Takalmi na Titin Tasha

Ba wanda ke kiransa da sunan da aka raɗa masa sai mahaifiyarsa, ita kuwa ta rasu tun yana ɗan shekara tara. Kowa Basilla yake ce masa, saboda dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka ce zai ɓace. Shi ma bai damu ba. Yakan ce gara a kira shi Basilla da a kira shi Guduma, kamar yadda ake kiran wani ƙato mai dako a tasha.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, a titin da ya nufi tashar jirgin ƙasa. In ya zauna a bencinsa ya miƙe ƙafa, sai yatsunsa su leƙo waje. A nan ubansa ya yi sana'ar, a nan ya koya masa huda fata, da goga wa zare kakin zuma, da riƙe ƙusa a baki ba tare da an haɗiye ta ba. Akwai kuma wani ɗauri da ya gada. In ya gama ɗinki sai ya ƙulla zaren sau biyu daga ciki, wajen dunduniya, ya ƙona bakinsa da ashana. Duk garin ba mai yin haka sai shi.

Matarsa gajeriya ce mai yawan dariya, ƙafarta ta hagu ta ɗan gaza ta dama tun haihuwa. Ta dalilin ƙafar ma suka san juna. Ta kawo takalmi gyara, ya lura gefe ɗaya ne ya cinye, sai ya ƙara mata falle biyu na robar taya a ƙarƙashin na hagu, bai ce mata komai ba. Bayan kwana biyu sai ga ta.

"Malam, me ka yi wa takalmina? Jiya na je famfo sau huɗu, bayana bai yi ciwo ba."

"Sirrin sana'a ne, ba a faɗa wa baƙi."

"To wa ake faɗa wa?"

"Sai 'yan gida."

Shekara ba ta zagayo ba ta zama 'yar gida. Suka haifi biyu: babban namiji, wanda ƙanwarsa ke kira Yaya har duk layin suka kama, sai mace da ake ce wa Auta. Yaya ya ƙi takalmi, ya ce shi warin tsohuwar safa ya ishe shi, ya tafi gareji koyon gyaran mota. Auta tana makaranta, ita ce ke karanta wa uban jarida in ta taso.

Kakan Basilla ya zo ne daga tsallaken babban kogi, tun kafin a shimfiɗa layin dogo. Basilla kansa bai taɓa taka can ba, bai iya yarensu ba sai zagi biyu da ya tsinta a bakin kakan. Har ya kai shekara arba'in da biyu bai san wannan zancen zai taɓa zama wani abu ba.

Sai aka fara yaƙi da ƙasar da ke tsallaken kogin.

Watannin farko abin a rediyo ya tsaya. Jirage cike da sojoji suna wucewa, mutane suna ɗaga musu hannu. Da aka fara dawo da gawawwaki da guragu, sai maganar rediyo ta sauya. Aka ce ba don komai ake shan kashi ba sai don akwai 'yan tsallake a cikin gari, su ne ke kai wa danginsu rahoto. Aka ba da mako biyu, duk wanda kakansa ya fito daga can ya je ofis a buga masa jan hatimi a katinsa.

Matar ta ce, "Baban yara, kada mu je. Wa ya tuna da kakanka?"

Ya ce, "Kowa ya sani. Kuma ni ban ci wa kowa kaza ba. Tawada ce fa kawai."

Suka je su huɗu. Akawun ya duba takardu ya ce ita matar ba ta cikinsu, in ta sa hannu cewa ta rabu da shi to ba ruwanta. Ta tura masa katinta ta ce, "Buga min nawa, ɗana, ina da wanki a gida." Akawun ya buga, bai ɗago kai ba.

Daga ranar mutane suka fara tsallake titi in sun zo daidai shagon. Waɗanda suka bar takalma suka aiko a karɓa, ko an gyara ko ba a gyara ba. Aka koro Auta daga makaranta ana tsakiyar darasin lissafi. Mai burodin da ke kallon shagon, abokin Basilla tun suna yara, ya yi wata guda yana miƙo musu burodi ta bayan katanga. Rannan aka jefa masa dutse ta taga, tun daga nan bai sake miƙowa ba, in sun haɗa ido sai ya shiga goge teburinsa.

Yaya aka fara ɗauka. Wata mota ta tsaya a gareji da hantsi, aka kwashi duk samari masu jan hatimi, aka ce za su je haƙa ramuka a bakin daga na wata uku. Ko gida bai biyo ba. Maigidan garejin ne ya kawo rigarsa da kwanon abincinsa, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Shekarar yaron goma sha shida.

Bayan wata biyu aka zo kan sauran. Da safe ne, matar tana tsakiyar dafa shayi. Aka ce kowa ya ɗauki abin da hannu ɗaya zai iya riƙewa. Ita ta ɗauki bargo, Auta ta ɗauki kofuna uku, shi kuwa ya naɗe basillarsa da zare da wuƙar yankan fata a cikin tsumma. Maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce kanzil.

Tsohuwar masana'antar bulo ce a bayan gari, an kewaye ta da waya mai ƙaya, layin dogo ya ratsa ta gefenta. A bakin ƙofa wani sajan mai ƙaton ciki yana raba mutane, maza nan, mata can, yara can. Basilla ya saba kallon ƙafar mutum kafin fuskarsa. Ya ga sajan yana ɗan ɗage dunduniyar dama in ya taka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, takalmin nan yana cizonka. Ƙusa ce ta huda daga ciki. Zan cire maka kafin ka gama sigarin nan."

Sajan ya kalle shi daga sama har ƙasa, sannan ya zauna a kan bulo ya miƙo ƙafa. Da aka gama ya taka ya ji, ya ce a kai Basilla rumfar gyaran takalma.

"Ranka ya daɗe, da 'yata. Ita ke yi min ɗinki, idona ya fara rauni."

Ƙarya ya yi. Auta ba ta taɓa riƙe basilla ba, kuma shekararta goma sha ɗaya. Amma sajan ya ɗaga kafaɗa, suka wuce tare. Ya juyo zai roƙa wa matar, sai ya ga har an tura ta ta yi nisa, tana nuna masa da hannu cewa ya tafi.

Aikin mata jidon bulo ne daga bakin matoya zuwa taragon jirgi, tun fitowar rana har faɗuwarta. Abinci kuwa ludayi ɗaya na ruwan miya da gutsuren burodi. Da tsakar rana layin mata yakan wuce ta bayan rumfar gyara, sai uba da 'ya su tsaya jikin waya su ga uwar. Kullum da barkwancin da za ta jefo musu. Rannan ta ce, "Baban yara, ashe dai akwai inda za ka ƙara ramewa? Na ɗauka ka ƙure." Auta ta yi dariya har ta shaƙe.

Duk mako biyu akan jera mutane a fili, likitan soja ya sa kowa ya yi tafiya daga wannan turke zuwa wancan. Wanda aka ga yana ɗingishi ko tari sai a ware shi, a ce za a kai shi gonar gwamnati ya huta. Sau tara matar Basilla tana wucewa, tana cije baki tana taka ƙafar daidai. A karo na goma bulo ya faɗo mata a gwiwa kwana ɗaya kafin jerin. Aka ware ta.

Da azahar aka fara loda su a jirgi. Basilla ya hango ta a layi tana jan ƙafa. Ta waigo ta ɗaga murya, "Ka sa Auta ta riƙa cin abincinta, kada ta ba ka!" Wani soja ya tura ta ciki.

Wannan jirgin, in ya tafi da mutane, yakan dawo bayan kwana shida da buhuna. A cikin buhunan takalma ne, na maza da na mata da na yara, a cakuɗe. Aikin rumfar shi ne a haɗa kowane da ɗan'uwansa, a gyara, a goge, a mayar a buhu, a kai gari a raba wa iyalan sojoji. Da farko Basilla yakan ce wa kansa ai wataƙila a gonar ana ba su sababbi. Amma hannunsa ya san abin da ya ɗinka. In ya zura yatsa wajen dunduniya sai ya ji ƙulli biyu. Wannan na malamin makarantar layinsu ne. Wannan na tsohuwar nan ce mai sayar da gawayi. Wannan ƙaramin ja, shi ya ɗinke masa maɗauri, uwar yarinyar tana tsaye tana rarrashinta. Bai faɗa wa kowa ba.

Kwana shida bayan tafiyar matar, ya zazzage buhu na uku, sai ga shi ya gangaro gabansa: baƙin takalmi na hagu, da falle biyu na robar taya a ƙasa. Ya yi maza ya taka shi da ƙafa. Ya saci kallon Auta, ya ga ta duƙufa a kan nata tarin. Ya tura takalmin ƙarƙashin benci ya rufe da guntayen fata. Ya yi ta laluben na daman a sauran buhunan bai gani ba, har ya fara gaya wa zuciyarsa ƙila yar da ɗayan ta yi, tana can da ɗayan a ƙafarta.

Kwana uku suna aiki ba mai magana sai miƙo zare, miƙo gam. A rana ta huɗu da safe, mai gadi ya fita shan taba, Auta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, na hagun yana wajenka, ko?"

Ta zaro na daman daga cikin rigarta. Ashe tun ranar ta gan shi, ta ɓoye don kada uban ya gani.

Suka ajiye su gefe da gefe a kan benci. Ba wanda ya yi kuka, don ana jin takun mai gadi a waje. Doka ce, in aka kama takalmi ɗaya a ɓoye, duk mutanen rumfar su goma sha biyu za su bi jirgi. Basilla ya ɗauki wuƙa ya ɓamɓare robar nan falle biyu, domin wadda za a ba wa ƙafafunta daidai suke. Auta ta goge su da kyau, ta ɗaure su da igiya, ta jefa a buhu.

Robar bai yar da ita ba. Akwai wani tsohon kafinta a rumfar maza da tafin takalminsa ya huje, tsakuwa ta ci masa ƙafa har ya fara ɗingishi, jeri kuwa saura kwana biyar. Basilla ya karɓi takalmin ta jikin waya, ya liƙa masa robar, ya shimfiɗa tsumma daga ciki. Tsohon ya wuce gaban likita lafiya lau. Daga nan magana ta zagaya. Duk wanda takalminsa ya fara cin ƙafarsa sai ya jefa shi bayan rumfar gyara a lokacin cin abinci, washegari ya same shi a gyare. Basilla yana tsintar guntayen da aka zubar, yana yi a ƙarƙashin benci, buhu a kan cinyarsa. Wata bakwai yana haka. Mafi yawan waɗanda ya gyara wa daga baya sun bi jirgi duk da haka, yunwa ta kayar da su ko tari. Tsohon kafintan ma takalminsa ya dawo cikin buhu. Amma akwai waɗanda suka samu ƙarin wata ɗaya ko biyu, akwai kuma 'yan kaɗan da suka kai ƙarshe.

Wanda ya kai ƙararsa ɗaya daga cikin 'yan rumfar ne, an ba shi ƙarin burodi. Sajan ya shigo ya ɗage buhun, ya ga takalmin fursuna a cinyarsa. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Ni na rufa maka asiri, kai kuma kana cin amanata." Ya sa aka danne hannun daman Basilla a kan ƙarfen da ake buga takalmi, ya ɗauki gudumarsa ta aiki ya buga sau uku. Sannan ya ce in aikin rumfar ya ragu da ko ƙafa ɗaya, shi da 'yarsa jirgi na gaba.

Yatsu uku suka karye. Sun warke a lanƙwashe, ba su sake riƙe komai ba. Daga ranar, ƙaryar da ya yi a bakin ƙofa ta zama gaskiya, Auta ke ɗinki. Shi yana riƙe takalmin tsakanin gwiwoyinsa da hannun hagu, yana ce mata, "Huda nan. A'a, matso ciki. Ja da ƙarfi, ba gashin 'yar tsana kike kitsa ba." Tafin hannunta ya tsage, ya yi jini, ya yi kanta. Tana yin aikin mutum biyu da cikin da bai ƙoshi ba. In ya tura mata rabin burodinsa sai ta turo masa, su yi ta yi har ɗaya ya gaji. Bayan wata biyu ita da kanta ta ci gaba da ɗauko takalman da ake jefowa bayan rumfa. Ya hana ta, ta ce, "To Baba ka kai ƙarata." Sai ya gyara mata riƙon basillar.

Sun shekara biyu da wata huɗu a wurin. Wata safiya aka tashi ba a busa usur ba. Ba soja ko ɗaya, ƙofa a buɗe, tukunyar miya a kife. Mutane suka tsaya a fili har rana ta yi zafi, ba wanda ya yarda ya fara fita, ana tsoron tarko ne. Daga cikin dubban da suka shiga, waɗanda suka fita da ƙafarsu ba su cika ɗari uku ba.

Suka taka har gida. Wata mata da goyo ta buɗe musu ƙofa, ta ce gwamnati ce ta ba su, ga ma takarda. Basilla ya hango tukunyar shayinsu a kan murhu, ya ce mata ta yi haƙuri, ya juya. Shagon ƙarƙashin matakala kuwa wani yana sayar da sigari a ciki. Mai burodi ya fito da gari a hannunsa, ya tsaya yana kallonsu.

"Wallahi ban san haka abin yake ba. An ce mana gona ake kai ku."

Basilla ya ce, "Mu ma haka aka ce mana."

Mai burodin ya ba su ɗakin ajiyar itace da ke bayan tandarsa. Suka karɓa, don ba su da wani wurin. Amma hirar da suke yi da, ta ƙwallo da ta tsokanar juna, ba ta dawo ba. Gaisuwa ce kawai safe da yamma har tsawon shekaru.

Auta ta kafa benci a bakin titi tana gyara, shi kuwa ya shiga neman Yaya. Ya je ofishin sojoji, aka tura shi ofishin waɗanda suka ɓata, can aka tura shi babban birni. Ya bi layi, ya cika takardu da hannun hagu, ya duba sunayen da ake liƙawa a bango har idonsa ya fara rauni da gaske. Wani ya ce ya ga yaron yana gyara motar sojoji a bakin kogi. Wani ya ce duk 'yan haƙa ramin an tura su gaba su taka nakiyoyi. Bayan shekara shida aka aiko masa wasiƙa mai layi biyu, cewa ba a samu wani bayani game da wanda ake nema ba.

Da Auta ta kai ashirin ta samu aiki a wata masana'antar takalma a wani gari mai nisa. Ta ce ba za ta iya ci gaba da gyara wa mutanen da suka tsaya a ƙofa suna kallonsu ba. Ta roƙe shi ya bi ta, har da kuka.

Ya ce, "Je ki, Allah Ya yi miki albarka. In yaron nan ya dawo, layin nan kaɗai ya sani."

Ta tafi, ta yi aure a can, takan zo da 'ya'yanta sau ɗaya a shekara. Shi ya koma gogar takalmi a bakin tasha, aikin da hannu ɗaya zai iya.

Yana da shekara sittin da uku wata matashiyar malama ta zo ta roƙe shi ya je ajinta ya ba yara labarin abin da ya faru, domin littafin tarihinsu sakin layi ɗaya ya ba abin. Ya ƙi, ta yi ta dawowa har ya yarda. Ya sa wankakkiyar riga ya tsaya gaban allo. Ya fara da hatimi, ya zo kan mota, ya zo kan masana'antar bulo, daga nan maganar ta ƙi fitowa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Kaka, to me kuka yi aka kama ku?"

Malamar ta daka mata tsawa, ya ce a ƙyale ta. Ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, ni ma na tambaya a ofis bakwai. Ba wanda ya gaya min."

Aka kaɗa ƙararrawar tara, yaran suka ruga waje. Malamar ta raka shi har bakin ƙofa tana ba shi haƙuri, ya ce ba komai, yara ne. Bai sake zuwa ba.

Ya rasu da damina bayan shekara biyu, a ɗakin nan na bayan tanda, bayan jinyar kwana tara. Ruwa ya karya wata gada a hanya, saboda haka Auta ba ta iso ba sai bayan an binne shi da kwana biyu. Ta share ɗakin, ta ba masu dako tufafinsa, ta bar adireshinta wajen ɗan mai burodi ko da wani zai zo tambaya. Washegari ta hau jirgin safe ta koma bakin aikinta.